Gayaunar Iya Jumai

Ranar da aka ɗaure dawar gayaunarta, Iya Jumai ta share rumbunta tun da hantsi, ta zauna a kan turmin da aka kife a ƙofar ɗakinta tana jiran amalanke. Amalanken ya zo, amma bai shigo gida ba. Ta ji ƙarar tayarsa ta bi ta bayan danga, ta miƙe hanyar coci.

Ta kira surukarta. "Rifkatu, ina za su kai dawar nan?"

Rifkatu ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. "Sai dai ki tambayi ɗanki Dattijo, Iya."

Gidan Makau 'yar unguwar Kirista ce a bayan Saji, cikin ƙasar Rano. Mutanenta sun bar tsafin kakanni tun da daɗewa, amma ba su bar tsarin cin abincin kakanni ba. Akwai gandu, babbar gonar maigida. In an yi girbi sai a zuba hatsinta a rumbu a liƙe bakinsa da laka, ba a fasa shi sai ruwa ya sauka an fita noma. Tsakanin kaka da damina kuwa, kowace mace daga gayaunarta take ci, wato 'yar gonar da take nomawa da hannunta, ta ciyar da kanta da 'ya'yanta da mijinta. Iya Jumai gwauruwa ce, kuma gayaunarta ta bakin rafi ita ke riƙe da ita tun mutuwar mijinta. Bana ne gwiwoyinta suka ƙi, ɗanta Isiyaku ya ce ta huta, shi zai nome mata. Ta yi ta sa masa albarka har damina ta fita.

Da yamma Isiyaku ya dawo, ya jingine babur, ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ya saba. Ba a taɓa kama shi da rashin gaisuwa ba.

"Iya, ai gonar nan na ba Ubangiji ita. Ranar da aka ɗora mini hannu aka naɗa ni dattijon ikilisiya, na tashi a gaban jama'a na yi wa'adi. Ba ki samu zuwa ba saboda ƙafa."

"Wace gonar?"

"Ta bakin rafi."

"Tawa ke nan."

"Ta gidan nan, Iya. Da ni da ke da gonar, duk na Ubangiji ne."

"Me ya sa ba ka ba shi gandu ba?"

Ya yi murmushi irin na mai haƙuri da tsofaffi. "Gandu ai na iyali ne."

"To ni me zan ci?"

"Wanda yake ciyar da tsuntsaye ba zai manta da ke ba. Ga Rifkatu nan kuma."

Ranar Lahadin godiyar kaka aka goya ta a babur zuwa coci. An jera damman dawarta a gaban bagade har sun kusa taɓa kwano. Ta san su. Jar kaura ce, irin da ta zo da shi daga gidan ubanta a Kibiya, take ware zangarniyar da ta fi cika kowace shekara. Fasto Yohanna ya sa Isiyaku ya miƙe, ya ce ga misalin mai bayarwa da zuciya ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa. Da aka tashi, kowa sai ya zo ya riƙe hannunta.

"Iya, kin haifi ɗa."

"Allah ya ba mu irin naki."

Ta ce amin. Me za ta ce?

A makon nan ta ɗauki ƙwarya da sanda ta tafi kala. Ta rarrafa a tsakanin karan gonarta tana tsintar zangarniyar da ta faɗi, wadda gara ba ta riga ta ba. Shanun Fulanin da ke zaune a tsallaken rafi sun shigo cin kara, Dije tana biye da su da ƙwaryar nono a ka. Dije tsohuwar ƙawarta ce, tun suna amare suke musayar dawa da nono.

"Bamagujiya, me kike nema a ƙasa? Kin yar da allura ne?"

"Bafillatana, kori shanunki, suna cinye mini rabo."

Dije ta sauke ƙwarya ta dube ta da kyau. Wasan ya fita daga fuskarta. "Jumai, kala a gonarki?"

"An ce ba tawa ba ce yanzu."

"Ta wa ce?"

"Ta Allah."

"To Allah ya ce ki mutu ne?"

Dije ta dama mata fura a ƙwarya, ta tsaya a kanta har ta shanye.

Labarin ya riga ta isa gida. Isiyaku bai ɗaga murya ba, domin yana koya wa matasa cewa mai hikima yana riƙe harshensa. A hankali ya ce mata ta ba shi kunya. Uwar dattijo tana rarrafe a gona kamar marar kowa, har Fulani suna ba ta sadaka. Ya ce Kirista haske ne a wannan ƙasa, ana kallonsu ta kowane gefe, kada ta sa a ce sun kasa riƙe nasu. Abin da ta tsinto ma, in za a bi gaskiya, cikin wa'adi yake, amma ya bar mata. Daga ranar ya sa aka ɓoye sandarta a ɗakinsa, sai ranar Lahadi ake ba ta.

Rifkatu ba muguwa ba ce. Da fari tana kai mata tuwo safe da dare. Amma gayaunar Rifkatu tudu ce, ba ta yi kirki ba bana, ga 'ya'ya biyar, ga Dattijo da baƙinsa na coci da ba sa yankewa. Malmala ta koma rabi. Sannan ta koma sau ɗaya a yini. Sannan ta koma ƙanzon gindin tukunya da aka jiƙa a ruwa.

"Iya, ba ƙin ki nake ba. Leƙa rumbuna ki gani. In na raba shi da ke daidai, kafin Ista yaran nan za su kwana da yunwa."

"Na sani, 'yar nan."

"Kuma kin san al'ada. Ba a taɓa ɗora wa suruka ciyar da uwar miji da rani ba. Kowa da rumbunta."

"Na sani."

"Ki yi masa magana ya fasa na gandu. Ni in na yi, sai ya ce mace ta gari ba ta jayayya da mijinta."

Ta yi masa magana. Yana zaune a inuwar darbejiya da Littafi Mai Tsarki a cinya, yana shirya darasin Laraba. Rumbun gandu yana tsaye a bayansa, cike har wuya, lakar bakinsa ta bushe ta tsage.

"A fasa rumbu da rani? Iya, ke ce kika koya mini cewa Baba bai taɓa yi ba, ko a shekarar fari. In na fasa yanzu, me za mu ci lokacin noma? Me mutane za su ce? Gidan Isiyaku ya karye?"

"Babanka bai taɓa ɗaukar gayaunar kowa ba."

"Baba bai san Maganar Allah kamar yadda muka sani ba."

"To ka bi ɗaya mana. In al'ada ce, ba ni gonata. In Littafi ne, fasa rumbu."

Ya rufe Littafin a kan yatsansa. "Iya, ki yi hankali da gunaguni. Shi ya hana mutanen Musa shiga ƙasar alkawari."

Haka ake yi. Wurin karɓe gona Isiyaku Kirista ne, wurin fasa rumbu kuma jikan Makau ne, kakan da ya kafa unguwar. Yana da riguna biyu, kowace ya san ranar da zai sa ta, tsohuwar kuwa ta faɗa a tsakaninsu, babu wadda ta rufe ta.

Bayan Kirsimeti matar Fasto ta aiko wa gwauraye da rabonsu daga hatsin godiya. Aka kawo wa Iya Jumai 'yan kwanoni a buhun taki. Ta zura hannu ta ji ƙwayar, ta shinshina. Kaurarta ce. Ba ta kai ga jiƙa ta ba Isiyaku ya shigo, ya ɗaure bakin buhun, ya ɗora a babur.

"Wannan na marasa galihu ne. Ke kina da ɗa. In muka karɓa mun ci haƙƙin wata."

Ya mayar. A coci aka ƙara yaba masa, aka ce ga dattijon da ko ƙwayar ikilisiya ba ya yarda ta shiga gidansa.

Wata Lahadi da aka ba ta sandarta, ba ta koma gida ba bayan sujada. Ta jira Fasto Yohanna a ƙofar gidansa. Mutum ne mai taushin murya, baƙo daga wata ƙasa, iyalinsa kuma da hatsin ikilisiya suke rayuwa. Ya ba ta kujera, ya saurare ta har ta gama, yana murza hannu.

"Mama, maganar nan tana da nauyi."

"Cikina ne ba shi da nauyi, Fasto."

"Dawar ai an sayar a kasuwar Rano. Kin ga sabon kwano a kan coci, kin ga lasifika. Abin da ya hau bagade ba ya sauka."

"Ban ce a sauke kwano ba. Gonar nake so, ga damina tana zuwa. Ko ban iya noma ba, zan ba wani mu raba."

"Wa'adi ne ya yi a gaban Allah, Mama. Ni wane ne da zan kwance shi?"

"Ni ban iya karatu ba, amma na daɗe ina zama a bencin nan. Na ji an karanta mana cewa Yesu ya yi faɗa da waɗansu malamai, masu ce wa iyayensu abin da za ku samu daga gare ni na riga na ba Allah. Ko kunnena ne?"

Fasto ya dubi ƙasa. "Akwai wurin a Littafi."

"To?"

"Zan yi masa magana cikin hikima. Kin san Dattijo ginshiƙi ne a nan. Ba a gyara irin wannan da gaggawa, kada Shaiɗan ya sami ƙofa. Mu yi addu'a."

Suka yi addu'a mai tsawo. Hikimar Fasto ba ta taɓa isa gidan Isiyaku ba.

Bazara ta shigo da zafinta. Iya Jumai ta sayar da 'yar akuyarta, ta ci kuɗin, ta sayar da tasoshin aurenta. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Jikokinta sukan zo su tsaya a ƙofa da tuwo a hannu suna kallonta, in ƙaramar ta miƙo mata loma sai ta ce ta ƙoshi, don ta san daga bakin yarinyar za a cire. Takan tashi tsaye duniya ta juya mata. Da safe in an buga ƙarfen addu'ar gida, Isiyaku yakan karanta aya ya yi bayani a kan tawali'u, ko gaskiya a ciniki, ko riƙon amana, ya rufe da roƙon Allah ya ƙara wa Iya lafiya. Ita ma takan ce amin daga kan tabarma.

Zumuntar mata suka zo dubiya cikin anko, da ganga da kacau-kacau. Suka cika ɗakin da waƙa. Kowacce ta ga tukunyar da gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta, kowacce ta ga wuyan tsohuwar. Shugabarsu ta matso kusa ta rage murya.

"Iya, mun ji kin je wurin Fasto. Ki rufa wa ɗanki asiri. Sunansa sunanmu ne duka. Ki tuna da Ayuba."

"Ayuba ɗansa ne ya ƙwace masa gona?"

Aka yi 'yar dariyar jin nauyi, wata ta ce tsufa ke nan, sai a yi ta haƙuri da su. Suka bar mata sabulu da man shafawa.

Dije ce ta same ta. Ta shigo tallar nono da rana tsaka, gidan ba kowa, an tafi taron ikilisiyoyi a Rurum. Ta tarar da ita a yashe tsakanin ɗaki da randa, moɗa a hannu, ba ta kai ga ruwan ba. Dije ba ta nemi izinin kowa ba. Ta aika aka kira ɗanta Uzairu, ya zo da babur, suka sa ta a tsakiya suka haye rafi.

A gidan su Dije aka fara ta da kunu da madara, sannan fura, sannan tuwo. Ba wanda ya tambaye ta komai. In sun tashi salla takan sunkuyar da kai ta yi tata addu'ar, in ta gama Dije ta ce, "Kin roƙa mana ruwa, Bamagujiya?" ita kuma ta ce, "Na roƙa, amma na ce a fara da gonakin masu hankali."

Kwana da kwanaki ba wanda ya zo daga Gidan Makau sai Rifkatu, sau ɗaya, a ɓoye, ta yi kuka ta koma. Isiyaku ya gaya wa mutane Iya ta je shan magani.

Sai magana ta fito daga kasuwar Kibiya cewa uwar Dattijo Isiyaku ta musulunta. Wani ya ce ya gan ta da hijabi. Ba hijabi ba ne, mayafin Dije ne ta yafa saboda rana. Amma abin da yunwar wata da watanni ba ta motsa ba, wannan magana ta motsa shi a yini ɗaya. Aka yi taron gaggawa. Aka fasa rumbun gandu tun ruwa bai sauka ba, ba wanda ya tuna da al'adar Makau. Washegari babura suka tsaya a ƙofar gidan su Dije: Isiyaku, da Fasto, da shugabar zumunta, da buhun dawa cikakke, da galan na manja.

Uzairu ya shimfiɗa musu tabarma, ya kawo ruwa, ya koma gefe. Iya Jumai ta fito tana dafa kafaɗar Dije, ta zauna.

Isiyaku ya durƙusa. "Iya, mun zo mu tafi da ke gida."

Ta dubi buhun. "Ruwa ya sauka ne ban ji ba?"

"Iya, ba lokacin wannan ba ne. Ana maganganu a gari."

"Me ake cewa?"

Fasto ya gyara murya. "Mama, ana cewa kin bar bangaskiya."

Dije ta yi tsaki. "Mu nono muka ba ta, Malam. Ba mu tambaye ta addininta ba, mun san shi tun kafin a haife ka."

"Ban bar Yesu ba," in ji Iya Jumai. "Gidan ɗana na bari, shi ma ɗauko ni aka yi. Da na mutu a bakin randar nan, da kun yi mini waƙa mai daɗi, kun ce na gama tserena lafiya. Wannan bai dame ku ba. Mayafi ne ya dame ku."

Shugabar zumunta ta ce, "Iya, ai ga shi an gyara. Ga abinci."

"Wannan buhun zai ƙare. In maganar gari ta kwanta, wa zai kawo na biyu?" Ta juya ga ɗanta. "Ba na son sadakarka. Gonata nake so. Ka tashi a gaban jama'ar da ka tashi, ka ce ka ba Allah abin da ba naka ba ne. Ka ba shi daga gandu in kana so."

Isiyaku ya share goshi da hannu. Gumi yana bin wuyan rigarsa.

"Iya, in na yi haka, da wane baki zan sake tsayawa in koyar? Dattijo ya janye wa'adi? Waɗanda suka yi koyi da ni fa? Zan zama sanadin tuntuɓe."

"Fasto, kai fa?"

"A ba abin lokaci, Mama."

Ta gyaɗa kai. "To ku gaida gida."

Suka miƙe. Isiyaku ya tsaya a bakin babur yana juya makulli a hannu, sannan ya dawo ya sake durƙusawa.

"Aƙalla ki zo sujada ran Lahadi, mutane su gan ki. Zan aiko a ɗauke ki. A kashe maganar nan."

"Zan zo, da ma na yi kewa. Amma duk wanda ya tambaye ni abin da ya kawo ni nan, zan gaya masa. Kai ne kake koyar da cewa Kirista ba ya ƙarya."

Ya dubi Fasto. Fasto ya dubi shanun da ke turke.

"To ki bari sai kin ƙara jin ƙarfi," in ji Isiyaku. "Hanyar ba kyau."

Ba a aiko babur ba ranar Lahadin, ba a aiko ba ta gaba. An dai sanar a coci cewa a sa Iya Jumai cikin addu'a, tana cikin gwaji, ikilisiya ta amsa da amin mai ƙarfi. A cikin masu amin ɗin babu wanda bai san hanyar bakin rafi ba, babu wanda bai ga wuyanta ba. Sun haddace ayar girmama iyaye tun suna ajin Lahadi, suna iya faɗin ta ido rufe. Sun zaɓi kwano a kan coci da sunan dattijonsu, suka bar tsohuwar da ta goya rabinsu tana sujada ita kaɗai a gindin tsamiyar Fulani. Ba jahilci ba ne ya yi wannan, don kowa a Gidan Makau ya iya karatu yanzu. Da ruwan farko ya sauka, matasan ikilisiya suka fita gayya gonar bakin rafi, suna waƙar yabo, Isiyaku a gaba da sungumi. Daga tsallaken rafi Iya Jumai tana ganinsu. Ta kalli yadda suke jefa iri, ta ce wa Dije sun cika shi da yawa a rami, ba zai yi zangarniya ba. Sannan ta juya musu baya ta ci gaba da tsince wake.